Yadda Za Ka Kashe Cajin Wayar da Ta Ƙi Mutuwa

Idan ka bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, wayarka za ta mutu kafin ƙarfe uku na rana. Mutuwa ta gaskiya, fuska baƙi ƙirin, wadda ko an danna an girgiza ba za ta motsa ba. Alkawari ne, kuma ba irin na tela ba.

Wannan bayani ba na masu manyan wayoyi masu tsada ba ne. Su tasu da kanta take mutuwa kafin azahar, Allah ya hutar da su. Naka ne, kai da aka ɗora wa waya mai matsakaicin farashi, irin wadda aka ƙera wa ma'aikaci, wadda baturinta ke kai kwana biyu bai ce uffan ba. An raba ka da uzurin da ya fi kowanne daɗewa a bakinka: "Wallahi ba caji."

Duk abin da ke ƙasa an gwada shi a kan mutum ɗaya, mai kula da sito a wani kamfanin rarraba kayan lantarki: fanka, firji, dutsen guga, soket. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da makullin sito. Shekara goma sha ɗaya, daga ƙarfe biyu zuwa huɗu, yana kulle ƙofa ta ciki, ya shimfiɗa kwalayen firji uku a bayan kantar ƙarshe, ya cire takalmi, ya kifa hula a fuska. Wanda ya ƙwanƙwasa ya ɗauka ya fita. Wanda ya kira ya ji waya a kashe. In an tambaye shi, sai ya ɗaga tsohuwar wayarsa da aka ɗaure da roba, ya ce ba caji. A ɗakin da soket ke jibge har rufi. Sunan ya bi shi: Kawu Ba-caji.

Sai mai kamfanin ya tsufa, ya miƙa wa 'yarsa ragama, ta zama Manaja. Kawu ya san Manaja tun tana zuwa ofis da jakar makaranta tana zane a bayan ambulan. Wata uku ta yi tana kira tana jin a kashe. Ranar da wani babban mai saye ya tsaya da motarsa awa biyu a bakin sito, ya gaji ya tafi wani kamfanin, ta kira Kawu ofis ta turo masa farin kwali.

"Kawu, ga waya."

"Ai ina da ita, ranki ya daɗe."

"Kana da abin ɗaura roba. Wannan ita ce waya. Kullum da safe ka kawo ta teburina a jona, ta cika, ka ɗauka. Ranar da na kira na ji a kashe, ka kawo min gawarta in gani da idona. In na danna ta tashi, ka ajiye min makulli a nan." Ta ɗora yatsa a gefen tebur. "Ina ganin girmanka, Kawu. Shi ya sa nake faɗa maka da bakina."

Ka ga inda aka tsaya. Ko wayar ta mutu da gaske, ko barcin ya tafi, ko makullin ya tafi. Mu fara.

Mataki na 1: Ka ƙare wa abokiyar gabarka kallo

Kada ƙyallinta ya ruɗe ka. Bayanta kamar gilashi yake, amma roba ce, kuma roba ba ta fushi. Fuskarta ta fi tafin hannu; in ka sa ta a aljihun gaba, sai ta riƙa leƙowa kamar mai tara abin da za ta kai wa shugaba. Tana da idanun kyamara uku a baya, ɗaya ne ke aiki, biyun rakiya suka yi. A gefe akwai maɓallin da ya san yatsanka. Layi biyu take ɗauka.

Yanzu ɗora ta a tafin hannu ka ji nauyi. Rabin nauyin nan baturi ne.

Masu ƙera ta sun tsuke hannu a wurare da yawa don ta yi sauƙi. Hoton da take ɗauka a wuri mai duhu sai ka rantse da gawayi aka zana. In ka buɗe mata abu biyar a lokaci guda, takan tsaya ta yi tunani kamar dattijon da aka tambaya shekarar haihuwarsa. A baturi ne kaɗai suka saki hannu, kuma a nan ne suka cuce ka.

Ranar farko Kawu bai yi komai ba, ya bar ta a aljihu ya jira. Ƙarfe biyu ya duba: kashi casa'in da ɗaya. Ya zauna a kan kwalayensa da takalmi a ƙafa. Biyu da minti goma ta yi ƙara.

"Kawu, kana ji na?"

"Tangaran, ranki ya daɗe."

"Madalla. Gwaji nake yi."

Mataki na 2: Ka binne tsofaffin uzurori

Kada ka ɓata lokaci a kansu, an riga an gwada maka.

"Ba sabis." Manaja ta sa layukan kamfanoni biyu daban. In ɗaya ya kwanta, ɗaya na tsaye.

"Ban ji ba." Sifika ɗaya ce tak a ƙasan wayar, amma in ta yi ƙara a cikin sito, maigadi a bakin ƙofar waje sai ya taɓa aljihunsa. In ka kashe mata murya, za ta rubuta kowane kira da mintinsa, ta ajiye maka shaida.

"Ta faɗi ta lalace." Kawu ya bari ta suɓuce a kan siminti sau biyu. Rigar roba da ta zo da ita a kwali ta shanye. Na uku ya tuɓe mata rigar tukuna. Ta ɗan kuje a kusurwa, ta haska, ta nuna masa lokaci.

Alamar jirgin sama kuwa, da kashe ta da hannunka, tarko ne. Mai kira zai ji a kashe, gaskiya ne. Amma gawar da aka danna ta miƙe ta yi gaisuwa ba gawa ba ce, kuma ka ji abin da aka ce game da makulli.

Mataki na 3: Ka nemi masani, amma ka bar kunyarka a gida

Kawu ya je wurin mai gyaran waya, wanda teburinsa ke ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai sayar da rigunan waya da mai kwafin takardu.

"Baba, me ya same ta?"

"Ba abin da ya same ta. Matsalar kenan."

Mai gyaran ya juya ta gaba da baya. "Sabuwa ce fa. Ko ledar fuska ba a ɓare ba."

Kawu ya sunkuyo ya rage murya. "So nake baturin ya riƙa saurin ƙarewa."

Mai gyaran ya ajiye abin kwance ƙusa a hankali. "Shekara tara ina kan teburin nan. Don Allah Baba, tsaya in kira maƙwabcina, ka sake faɗa a gabansa. In ni na ba shi labari, cewa zai yi ƙarya nake."

Maƙwabci ya zo, aka sake faɗa, ya dafa bango.

Da dariya ta lafa, mai gyaran ya ce bayan wayar manne yake da gam, in ya buɗe duk mai ido zai gane. "Ka ba ta shekara uku, Baba. Za ta gaji da kanta."

"Ba ni da shekara uku. Ina da zuwa ƙarfe biyu."

"To abu ne mai sauƙi. Duk abin da muke hana mutane, shi za ka yi. Haske, tocila, data, wasa, kyamara. Ka je, ba sai ka ba ni komai ba. Ka riga ka biya ni."

Abin lura: masani ba ya taimakon mutum sai ya gama yi masa dariya. Ka tsaya ka jira, ilimin na zuwa a baya.

Mataki na 4: Ka kunna duk abin da ke kunnuwa, ban da abu ɗaya

Ka kai hasken fuskarta ƙarshe. Ka hana ta yin barci, tunda ita ta hana ka. Ka kunna tocila ka jefa a aljihu.

Haka Kawu ya yini ranar Talata yana zirga-zirga da aljihu mai haske da rana tsaka. Direban kamfani ya tsaya ya dube shi.

"Kawu, aljihunka na ci da wuta."

"Na sani. Wani abu nake nema a ciki."

"Tun safe?"

"Kai dai ɗauki fankokinka ka tafi."

Abu ɗayan da ba za ka yi ba shi ne raba data. Gaskiya tana cin caji, amma tana jawo jama'a. Kawu ya buɗe tasa ba tare da lambar sirri ba. Kafin sha biyu, sitonsa da ba mai zuwa sai da takarda ya zama majalisa. Direba na kallon ƙwallo, mai shara na magana da ƙanwarta ta bidiyo, maigadi ya baro ƙofa ya jingina da taga.

"Kawu, ɗan matso nan, yana yankewa."

Ƙarfe biyu: kashi talatin da takwas, da mutum bakwai a bakin ƙofa. Ko da ta mutu a ranar, ina za a shimfiɗa kwali?

Mataki na 5: Ka ji tsoron kashi biyar na ƙarshe

Nan ne yawancin ɗalibai ke faɗuwa.

Ranar Alhamis Kawu ya ƙara da wasan tseren motoci. Mutum mai shekara hamsin da takwas, a tsaye tsakanin firji da firji, yana karkata kafaɗa in mota za ta sha kwana. Babban yatsansa ya yi tsami. Amma aiki ya yi kyau: ɗaya da rabi, kashi goma sha biyar. Wayar ta tambaye shi cikin ladabi ko yana so ta fara tanadin caji. Ya ce a'a, har da tsaki.

Da ta kai kashi biyar ba ta sake tambaya ba. Ta rage haskenta, ta kashe tocila, ta rufe wasan yana na biyu a tsere, ta kwashe komai ta ɓoye. Abu biyu ta bari a fili: kira da saƙo. Sannan ta rubuta masa albishir cewa a haka za ta kai awa goma sha ɗaya.

Biyu da minti ashirin ta yi ƙara.

"Kawu, na ji muryarka wani iri."

"Mura ce, ranki ya daɗe."

Maganin wannan yana can cikin saiti, a wani lungu da ba a gina don irinka ba. Ka nemi wanda ya fi ka sani a gida. Kawu ya kai wa matarsa, tana tsinke ganye a tire.

"Maigida, shekara talatin ban taɓa ganin ka nace wa abu haka ba. Da rufin ɗakin girkin nan ka nace wa, da yanzu ba na dafa abinci da bokiti a gefe."

"Ke dai duba min."

Ta goge hannu, ta danna nan, ta danna can, ta miƙo masa. "Na kashe maka tanadin. Amma ka ji ni da kyau. In aka karɓe makullin nan, ba a falona za ka riƙa kwanciyar rana ba."

Mataki na 6: Ka bar wa kyamara sauran aikin

Ba abin da ke shan jinin baturi kamar ɗaukar bidiyo. Ka zaɓi mafi tsabtar hoto, ka danna jan maɓalli, ka ƙyale ta. Kada ka damu da wuri, cikinta na ɗaukar yini guda. Kada ka damu da inda take kallo. Ba fim kake haɗawa ba, mutuwa kake nema.

Ranar Litinin, yana ɗauko ta daga teburin Manaja, Kawu ya danna ya jefa a aljihun wando. Kafin sha ɗaya ta yi zafin da ya fara tafiya yana ware ƙafa. Ya ciro ta ya jingina da kwalin dutsen guga a kantar ƙarshe, inda ya fi sanyi a sito. Shi ya san wurin ya fi sanyi. Shekara goma sha ɗaya yana auna shi da bayansa.

Ƙarfe biyu: kashi bakwai. Wannan karon wayar ba ta da sauran wayon da za ta yi masa. Ya kulle ƙofa. Ya shimfiɗa kwalaye, ba don barci ba, don ya zauna ya jira fitar rai. Ya cire takalmi saboda jira da takalmi takura ne. Ya kifa hula saboda hasken ƙwan lantarki.

Ƙarfe huɗu ya farka. Ya miƙa hannu, ya danna. Shiru. Ya danna ya riƙe. Shiru. Ya girgiza ta, ya kara a kunne kamar agogo. Sai ya ce, "Alhamdu lillahi," da irin muryar da bai yi ba tun ranar da aka haifa masa ɗan fari.

Mataki na 7: Ka kai gawa da fuskar makoki

Kada ka shiga da sauri. Ka riƙe ta da hannu biyu. Ka bar kafaɗu su sauka.

"Kawu, sau huɗu na kira."

"Ga ta nan, ranki ya daɗe. Ni ma abin ya ɗaure min kai. Kayan zamani."

Manaja ta danna. Ta danna ta riƙe, tana ƙirgawa da leɓe. Wayar ba ta motsa ba.

"Lallai ta mutu. Ba ka yi ƙarya ba."

"Ni da ƙarya? Da girmana?"

A nan ya kamata ka yi sallama ka fita da gawarka. Kawu ya tsaya karɓar yabo.

"Zauna, Kawu. Sabuwar waya ba ta yin haka. Bari in ga abin da ke cinye mata caji, in ba ta da kyau in mayar musu." Ta jona. Cajar da ke zuwa da irin wannan waya mai sauri ce. Kafin ya gama shan ruwan da aka ba shi, ta farfaɗo. "Ara min yatsanka."

Ya ara.

Akwai wani shafi a cikin saiti da ke faɗin abin da ya ci caji, da tsawon lokacin da ya yi yana ci. Ba wanda ya taɓa gaya wa Kawu. Manaja ta karanta a fili: "Kyamara, awa biyar da minti ashirin da shida." Ta ɗago ta dube shi, ta sunkuya ta buɗe bidiyon. Wayar, kafin ta mutu, ta adana aikinta tsaf.

Awa biyun farko duhun aljihu ne, amma murya na fita tas. Manaja ta ja gaba, ta tsaya daidai inda Kawu ke ce wa direba, "Yarinyar da na sha share wa majina ce za ta koya min riƙon sito?" Ta mayar baya ta sake ji. Sannan ta ci gaba.

Sai haske ya bayyana. Ga bayan kantar ƙarshe, fes. Ga Kawu na shimfiɗa kwalaye, yana daidaita kusurwa da tafin ƙafa. Ga takalma an jere su kai ɗaya. Ga hula ta sauka a fuska. Sai sifikar nan ta cika ofis da wani gurnani mai hawa da sauka.

"Wannan ƙarar fa, Kawu?"

"Janareton maƙwabta ne."

"Shi yake ɗaga hular yana sauke ta?"

Mataki na 8: Ka karɓi abin da ka samu

Kawu bai jira a ce ba. Ya ciro makulli daga aljihu ya ajiye a gefen tebur, daidai inda ta ɗora yatsa. Hannunsa ya daɗe a kai kafin ya janye.

Manaja ta dubi makullin. Sannan ta turo masa da bayan biro.

"Baba ya ce min shekara goma sha ɗaya ko fulogi ɗaya bai taɓa ɓata a sitonka ba. Na bincika, haka ne. Ɗauki kayanka. Barci kake so, Kawu? Ai da ka faɗa. Na ba ka."

Washegari ya tarar an kwashe kwalayen firji. A wurinsu akwai 'yar katifa sabuwa, da filo, da zanen rufa mai furanni. A jikin ƙofar sito, ta waje, an manna takarda da manyan baƙaƙe: KAWU YANA BARCI DAGA 2:00 ZUWA 2:30. A YI MAGANA A HANKALI. Ƙasa ga sa hannun Manaja da hatimin kamfani.

Biyu saura minti biyar direba ke leƙowa. "Kawu, lokaci ya yi, kada ka makara." Mai shara na wucewa a kan yatsun ƙafa, tana ce wa masu saye, "Shhh, ana barci." Su kuma su tsaya su karanta takardar, wasu su ɗauke ta hoto. Biyu da rabi daidai wayar ta buga ƙararrawa, a buɗe ƙofa, a shigo gaisuwa.

"Kawu, an tashi lafiya? Ya gajiyar kwanciya?"

Mako uku kenan bai runtsa ba. Yana kwance rigingine a kan katifar kamfani, ido a rufi, yana jin raɗa da dariyar da ake dannewa a bayan ƙofa, waya a kan ƙirji da kashi tamanin da takwas. Ranar Laraba da ta wuce ya gaji, ya tashi biyu da minti goma, ya buɗe ƙofa ya kama jera kwalayen fanka daga babba zuwa ƙarami. Manaja ta zo wucewa ta tsaya.

"Kawu, lokacin barcinka ne."

"Ba na jin barci, ranki ya daɗe."

"Ni na sa hannu a takardar nan. Koma ka kwanta."

Ya koma.

Kafin ka ce ni na sa ka

Mai wannan bayani ba shi da hannu a ƙunar cinya, tsamin yatsa, ƙarewar data, ko wata magana da aljihunka ya naɗa ba da saninka ba. Ba zai raka ka ofis ba, ba zai roƙi matarka ta ba ka falo ba. Wanda aka karɓe wa makulli da wanda aka ba katifa, kowa ya ji da nasa. Kuma in manajanka ba 'yar tsohon maigidanka ba ce, ka nemi wani aikin ka ajiye kafin ka taɓa mataki na ɗaya. Da wannan ya kamata in fara.